Idan Tuwon Jiya Ya Dawo Yau: Shawara Kan Toshewar Ƙofar Tumbi ga Manya

Mai gyambon ciki ya san halin ciwonsa. Ya san zafin nan da ke tashinsa cikin dare, ya san ƙwannafi, ya san abin da zai ci ya samu sa'ida da wanda zai ci ya kwana yana juyi. Wannan sabon ne ke sa mutane da yawa ba sa lura idan ciwon ya sauya kama. Shekara da shekaru ana fama da zafin ciki, sai a wayi gari amai ya shigo, kuma ba irin aman da aka saba gani ba. Mutum ya ci tuwo da daddare, washegari da la'asar ya dawo da shi, ana iya gane ganyen miya, har da ƙwayar waken shekaranjiya. Wanda ya kai nan ya wuce a ce olsarsa ce ta tashi. Mafi yawanci ƙofar da abinci ke bi ya fita daga tumbi ce ta tsuke ko ta toshe, kuma wannan ba ciwon da ake jinya a ɗaki ba ne.

A can ƙarshen tumbi, inda ya haɗu da farkon ƙaramin hanji, akwai wani zoben tsoka mai ƙarfi. Tumbi ya karɓi abinci, ya cuɗa shi da ruwan asid har ya dame, zoben kuma ya riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan yana sakinsa zuwa hanji. A jikin mai lafiya, cikin awa huɗu ko makamancin haka mafi yawan abin da aka ci ya wuce. Sai dai tumbi ba abinci kaɗai yake tarawa ba. Kullum yana zubo ruwan kansa wajen lita ɗaya da rabi zuwa biyu, ga miyau da muke ta haɗiya ba mu sani ba. Idan ƙofa ta toshe, ko mutum bai sa komai a baki ba cikinsa zai cika. Shi ya sa za ka ji masu jinya na mamaki: bai ci komai ba tun jiya, ina ya samo wannan uban amai?

An fi sanin irin wannan ciwo a jarirai. Jariri mai sati biyu zuwa takwas, galibi namiji, ya sha nono ya feso shi da ƙarfi, nan take ya sake neman wani. A wurinsa tsokar zoben ce ta yi kauri, kuma aikin tiyatar da wani likitan Jamus, Conrad Ramstedt, ya bayyana a 1912 shi ake yi har yau, yaro ya warke sarai. A babba kuwa da wuya ƙwarai a ce tsokar ce ta yi kauri haka siddan. Kusan kullum akwai wani ciwo a bayan toshewar, kuma sai an gano shi ake sanin maganin da za a yi.

Me ke toshe ƙofar?

Manyan dalilai biyu ne, tsohon gyambo da ciwon daji.

Gyambon da ke zaune a bakin ƙofar, ko a farkon hanjin da ke bayanta, yana matse ta ta hanya biyu. Idan yana ɗanye, wurin kan kumbura, kumburin ya tare hanya. Wannan in aka yi magani yakan sace, hanya ta buɗe. Idan kuwa gyambon ya yi shekaru yana warkewa yana dawowa, kowace warkewa tana barin tabo. Duk wanda ya taɓa ganin tabon ƙuna a wuya ko a gwiwar hannu ya san yadda yake tattare fata, ya ɗaure gaɓa ta kasa miƙewa. Haka tabon gyambo yake ɗaure ƙofar tumbi, kuma babu ƙwaya ko jiƙon da ke narkar da tabo.

Shi kuma gyambon, ba yunwa ce asalinsa ba, ba yaji ba, ba yawan tunani ba, ko da yake duk suna iya tayar da zafinsa. Abu na farko da ke kawo shi wata ƙwayar cuta ce da za ka ga an rubuta H. pylori a takardar gwaji. Likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka gano ta a farkon shekarun 1980. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda cewa wata halitta na iya rayuwa cikin asid, Marshall ya ɗebi ƙwayar ya sha a 1984, cikinsa ya kamu, ya nuna musu. An ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Yawanci tun ana yara ake ɗaukarta, ta baki, a gidan da ke da cunkoso ko ruwan sha mara tsabta, ta zauna a tumbi shekaru. Da yawa na ɗauke da ita ba abin da ke damunsu, wasu kuwa ta yi musu gyambo.

Abu na biyu shi ne magungunan ciwon jiki irin su diklofenak, ibufurofen, firoksikam da asfirin. A nan zan ɗan tsaya, domin wannan ɓarna ce da muke saye da kuɗinmu. Ɗan dako ya wuni yana sauke buhu, manomi ya dawo daga huɗa, direba ya iso daga Legas, tsohuwa gwiwa ta hana ta sallah a tsaye. Kowa ya biya kemis, ko ya tare mai tallan magani, ya ce a haɗa masa na ciwon jiki. A ƙulla masa ƙwaya huɗu ko biyar a leda, ba kwali ba suna, sau da yawa biyu daga ciki dangi ɗaya ne. Ya kora da shayi, cikin babu komai, gobe ma haka. Garin maganin ciwon kai da ake sayarwa a 'yar takarda, shi ma da yawansa akwai asfirin a ciki. Waɗannan magunguna suna rage majinar da ke lulluɓe bangon tumbi ta kare shi daga asid ɗin kansa. Taba sigari kuma tana hana gyambo warkewa da wuri.

Tun da aka fara sayar da maganin rage asid na simetidin a 1976, daga baya omefrazol ya biyo a ƙarshen shekarun 1980, aka kuma koyi kashe H. pylori, toshewar da gyambo ke kawowa ta ragu ƙwarai a ƙasashen da ake samun magani da wuri. A can yanzu ciwon daji ne kan gaba: ko dajin tumbin kansa, ko na fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wanda ke danne hanji daga waje. Ita kanta H. pylori, tun 1994 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa dajin tumbi. Aman mai tabo da aman mai daji iri ɗaya ne a kwano, ido ba ya raba su. Dattijon da bai taɓa fama da ciki ba, sai ga shi cikin 'yan watanni yana amai yana ramewa, ya fi kowa buƙatar a duba shi ba tare da jinkiri ba.

Akwai wasu dalilan da ba su kai waɗannan yawa ba. Wanda ya sha sodar yin sabulu ko ruwan batir, bisa kuskure ko da gangan, ƙunar na iya yin tabo ta toshe maƙoshi ko ƙofar tumbi bayan makonni, lokacin da dangi suka ɗauka an tsira. Irin wannan ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja, asibiti ake nufa. Tarin fuka ma yana iya kama ciki ya matse hanya. Sannan mai ciwon suga na shekaru, jijiyoyin tumbinsa kan yi sanyi, abinci ya riƙa kwana a ciki alhali ƙofa a buɗe take. Alamun sun yi kama, maganin ya sha bamban.

Yadda za ka gane shi

Dubi aman da kyau kafin a zubar, duk da ƙyama. Mai yawa ne, yana iya cika robar wanke-wanke. Yana da tsami da warin abin da ya kwana ya lalace. Yawanci ba a ganin koren ruwa ko ɗorawa a ciki, saboda matsarmama a hanji take zuba ruwanta, can bayan ƙofar da ta toshe. Ya fi zuwa da yamma ko da dare, bayan abincin yini ya taru. Kuma da zarar an yi shi mutum yakan ji sakayau, har wasu su koyi tura yatsa a maƙogwaro don su samu su runtsa.

Kafin amai ya kankama akwai alamun da ake rainawa. Loma uku mutum ya ce ya ƙoshi. Saman cibiya ya yi nauyi, gyatsa mai wari ta dame shi. Daga nan sai rama: wando ya yi yawa, ido ya faɗa, harshe ya bushe, fitsari ya zama ɗan kaɗan mai duhu, bayan gida sai an kwana uku ko huɗu, in ya miƙe jiri ya ɗebe shi.

Akwai abin da likitoci ke yi wanda mai jinya ma zai iya gwadawa. Da safe, kafin maras lafiya ya ci ko ya sha komai, a kwantar da shi rigingine, a riƙe ƙugunsa da hannu biyu a girgiza a hankali, a kasa kunne kusa da saman cikinsa. Idan aka ji ruwa na kaɗawa alhali ya yi awa huɗu ko fiye bai sha komai ba, tumbi bai sauke kayansa ba. A jikin wanda ya rame ana iya ganin wani tudu yana tafiya a ƙarƙashin fata daga hagunsa zuwa damansa. Tumbin ne ke kokawa da ƙofa. Rashin jin ƙarar dai ba ya nufin lafiya lau.

Abin da ke saurin kayar da mai wannan ciwo ba yunwa ba ce. Kowane amai yana tafiya da ruwan jiki, da asid, da gishirin jini, musamman kulorayid da fotashiyam. Idan suka yi ƙasa, jiki ya mutu, yatsu su sage ko su ƙage, bugun zuciya ya rikice, ƙoda ta fara gazawa. Wanda ya yi aman jini, ko aman wani abu baƙi mai gari-gari, ko bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo, ko ciwo ya sare shi farat ɗaya cikin ya sandare, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ko ya fara sambatu, wannan ko tsakar dare ne a nemi mota.

Abin da ake yi a gida yana ƙara dagula lamarin

Kanwa ce ta farko. Tana kashe zafin asid na ɗan lokaci, shi ya sa aka yarda da ita tun kaka da kakanni. Amma mai wannan amai ya riga ya zubar da asid ɗinsa, jininsa ya karkata zuwa ɓangaren da kanwa take. Jiƙa masa jar kanwa ko sodar yin burodi ƙara tura shi ne inda ake gudu, ban da iskar da take tayarwa a cikin da ba shi da mafita.

Na biyu, maganin tsayar da amai na kemis. Akwai irin su metoklofuramaid da aikinsu shi ne su sa tumbi ya ƙara matsawa. Likitoci ba sa ba da shi idan hanya a toshe take. Haka nan maganin wankin ciki da na basir da ake shela a tasha da kasuwa: mutumin da ruwan jikinsa ya ƙare, a ƙara masa gudawa?

Ko omefrazol ɗin da ya yi masa amfani shekaru, a wannan hali ba lallai ya yi ba. An yi ƙwayar ne ta wuce tumbi, sai ta isa hanji jiki yake tsotse ta. In ƙofa a rufe take, a tumbi za ta zauna har ta fito tare da tuwon.

Sai batun sammu. Mutum yana ramewa, ya ci ba ya zama, an sha magani ba sauƙi, dole wani a dangi ya ce an ba shi wani abu ya ci. A kai shi inda za a ba shi abin da zai amayar da shi. Ya kelaya wani abu baƙi-baƙi mai wari, a nuna wa dangi a ce ga shi an fitar, alhali abincin shekaranjiya ne da ya ruɓe. Ya ji sauƙi na yini guda saboda tumbi ya sauke nauyi, kowa ya ƙara gaskatawa, a koma a sake. Ba na jayayya da kowa kan abin da ya yi imani da shi. A yi addu'a, a yi sadaka, amma a yi su maras lafiya yana kan gadon asibiti ana ƙara masa ruwa.

Kafin a isa, a daina tilasta masa tuwo. A riƙa ba shi ruwan gishiri da suga na fakiti, kurɓi-kurɓi. In zai kwanta ya kwanta a gefe, kai a ɗan ɗage, kada amai ya sarƙe shi ya gangara huhu. A ajiye duk maganin ciwon jiki ban da farasitamol. Wanda likita ya ɗora a kan asfirin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, da mai shan maganin suga ko allurar insulin, su faɗi haka tun a bakin ƙofar asibiti, domin sugan wanda abinci ba ya zama a cikinsa na iya faɗuwa.

A asibiti

Ku tafi da duk abin da yake sha, kwali da leda da gorar jiƙo, kada a ɓoye komai don jin kunya. In an shiga, kada a tsaya a kan "ciwon ciki" ko "olsa". A faɗi maganar yadda take: "Likita, abin da na ci jiya shi nake amayarwa yau, kuma na rame." A faɗi tun yaushe, da launin aman, da launin bayan gida.

Abu na farko da za a yi shi ne a zura siririyar roba ta hanci zuwa tumbi a zuƙe abin da ya taru, wani lokaci a wanke. Mutanenmu suna tsoron robar nan. Da an ce an sa wa wane roba a hanci sai a fara salati, wasu ma su ce a cire su tafi gida. A wannan ciwo robar ita ce hutun tumbi. Abin da ke fita ta cikinta a ranar farko yana iya wuce lita, amai ya tsaya, tumbin da ya saki ya fara komawa daidai. Tare da haka za a ɗaura ƙarin ruwa mai gishiri, a ƙara fotashiyam gwargwadon abin da gwajin jini ya nuna, a ba da maganin rage asid ta jijiya, a riƙa auna fitsari. Wannan kan ɗauki kwanaki. Dangi su kan ƙosa, su ce an ajiye mutum ba a yi masa komai sai ruwa. Ruwan nan shi ne aikin. Sa wa mutum maganin barcin tiyata alhali gishirin jininsa a rikice yake, haɗari ne babba.

Bayan tumbi ya zama fanko sai a leƙa. Gwajin da ke raba gardama shi ne endoskofi, wata lanƙwasasshiyar roba mai kaurin yatsa da kyamara a bakinta. A fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, wani lokaci a ƙara da allurar kwantar da hankali, a zura ta baki. Yawanci ba ya wuce minti goma zuwa sha biyar. Likita zai ga gyambo ne, tabo ne ko tsiro, ya kuma tsinko ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Tsinkar ba ta da zafi, kuma ba ta sa daji ya bazu yadda wasu ke faɗa. Ku bi sakamakon nan har ku karɓo shi ku kai wa likita, kada a sallami mutum a manta da shi. Ana yin wannan gwaji a manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jos, Maiduguri da Sakkwato, da manyan asibitocin Yamai, da wasu masu zaman kansu. Inda babu, ana shan wani farin ruwa mai kauri a ɗauki hoton ciki a ga inda ya tsaya. In ana zargin daji a ƙara da hoton siti-sikan. Shi kuwa sikanin da ake shafa man nan mai santsi a ciki, yana da amfani wajen duba hanta da matsarmama, amma ba shi ke tabbatar da gyambo ba, ba shi ke kore daji ba.

Don neman H. pylori, gwajin bayan gida ko na numfashi ko na naman da aka tsinko sun fi na jini, domin na jini ba ya bambanta ƙwayar da ke nan da wadda aka kashe tuntuni. Omefrazol da maganin kashe ƙwayoyin cuta suna iya ɓoye ta, don haka a gaya wa likita in ana shan su.

Idan kumburin ɗanyen gyambo ne, sau da yawa magani kaɗai ya isa. Ana haɗa mai rage asid da masu kashe ƙwayar guda biyu, kamar amoksisilin da kilaritromaisin, ko kuma haɗi mai huɗu da ya ƙunshi bismut, tetrasaikilin da metronidazol, yawanci na kwana 14. Likita ne zai zaɓa, ya danganta da abin da mutum ya taɓa sha, da ko jikinsa na ƙin fenisilin, da ko mace na da juna biyu. Magungunan na da ɗaci, suna sa baki ya yi wani iri, bismut kuma yana baƙanta harshe da bayan gida. Kada a tsaya a kwana na biyar don an ji sauƙi. Ƙwayar da ta tsira takan yi taurin kai, haɗin farko ba zai sake cin ta ba. Bayan aƙalla sati huɗu da gamawa a sake gwaji a tabbatar ta mutu. Mai rage asid kuma ana shansa ne kamar rabin awa kafin karin kumallo.

Idan tabo ne, a wasu wurare ana zura balan-balan ta cikin robar kyamara, a hura shi a daidai ƙofar ya buɗa ta. Akan maimaita, kuma tana iya sake tsukewa, musamman in ba a kashe ƙwayar ba ko an koma wa haɗin ciwon jiki. In hakan bai samu ba ko bai yi ba, sai tiyata. Ko dai a faɗaɗa ƙofar, ko a ɗinke tumbi da wani sashe na ƙaramin hanji a yi wa abinci sabuwar hanya, ko a yanke ƙasan tumbin gaba ɗaya. Ba sabon aiki ba ne. Tun 1881 wani likita, Theodor Billroth, ya yi nasarar yanke sashen tumbi a birnin Biyana. Wanda tabo ne kawai matsalarsa, galibi bayan aiki yana komawa cin abincinsa ya murmure.

Idan daji ne, abin ya danganta da inda ya kai. Wanda aka kama da wuri ana iya yanke shi, a haɗa da maganin daji. Wanda ya bazu, har yanzu akwai abin yi: sabuwar hanyar nan, ko wani ɗan bututun raga na ƙarfe da ake sawa a ƙofar ya riƙe ta a buɗe, mutum ya daina amai ya iya cin abinci cikin iyalinsa.

Kuɗi za su fita, ba a ɓoye wannan. Amma a lissafa abin da ya tafi a kemis da wurin masu jiƙo cikin shekara guda tukuna. Mai inshorar lafiya ya tambayi abin da ta ɗauke masa, wanda ba shi da hali kuma ya nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya da ke manyan asibitoci.

Bayan an dawo gida

Wanda ya daɗe abinci ba ya zama a cikinsa ba a buɗe masa da tuwo da nama don a rama. Ciyarwa mai yawa farat ɗaya na iya rikita gishirin jininsa. A fara da ruwa-ruwa: kunu, koko, romo, sannan fate, dafaffen ƙwai, kifi, dankali da aka murƙushe, tuwo mai laushi. Kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini, a tauna sosai. Abu mai maiƙo da yawa yana daɗewa a tumbi. Mai zare da ɓawo, irin su rake, mangwaro mai zare, totuwar lemo, ɗanyen kabeji, ganda da jijiya, na iya cunkushewa a ƙofar da ba ta gama buɗewa ba. Kada a kwanta sai an yi awa biyu zuwa uku da cin abinci.

Wanda aka yi wa sabuwar hanya ko aka rage masa tumbi, wani lokaci jim kaɗan bayan cin abinci sai gumi ya karyo masa, zuciya ta riƙa bugawa, jiri da murɗar ciki su biyo. Abinci ne ya faɗa hanji da sauri. Abin da ya fi tayar da shi shi ne zaƙi, wato lemon kwalba, shayi mai suga da yawa, fura da aka cika wa suga. A rage zaƙi, a raba shan ruwa da cin abinci da kamar rabin awa. Irin waɗannan mutane kuma jininsu kan yi ƙasa a hankali saboda ƙarancin sinadarin ƙarfe da bitamin B12, don haka a riƙa gwada jini, wasu sai da allura lokaci-lokaci.

Maganar azumi a yi ta da likita tun kafin watan ya kama. Addini ya yi wa maras lafiya rangwame, kuma mai ɗanyen gyambo ko wanda bai daɗe da fitowa daga tiyata ba yana cikin waɗanda rangwamen ya shafa. In amai ya dawo, ko rama, ko baƙin bayan gida, a koma asibiti ba sai ranar da aka rubuta a kati ba.

Ku kuma 'yan'uwa masu kemis, ku ne mutanen nan ke fara zuwa wurinku, kun san fuskokinsu, kun san wanda ya shekara yana sayen omefrazol. Duk wanda ya ce muku yana aman abincin jiya, ko kuka ga yana ramewa, kada ku ƙulla masa komai a leda. Ku ce masa ya tafi babban asibiti a leƙa cikinsa da kyamara, kuma ku faɗa wa ɗansa ko matarsa in shi ya ƙi ji.